Taswira a Aljihun Kwat

Ranar Talata muka fasa dila a Katangowa,
ruwan Legas na dukan rumfa kamar mai bin bashi.
Tanimu na ware wanduna, ni ina kan manyan riguna,
sai ga kwat mai nauyin ɗan akuya,
wadda ba mai taya ta a garin da gumi ke yi wa mutum wanka.
Na cusa hannu aljihu, ko da rabo.
Ba kuɗi. Takarda ce, ninki takwas,
ta yi launin ruwan shayi.

Na buɗe. Ƙasa ce doguwa, siririya.
Arewa duwatsu sun yi cincirindo,
kudu fili ya miƙe ƙafa,
koguna na gangarowa kamar jijiyoyin bayan hannun tsohuwa.
Wani ya bi ta tsakiya da jan alƙalami,
ya danna, ya danna, har takardar ta huje.

Kwana tara tana ƙarƙashin tabarmata
kafin Dakta Morenike ta zo nema wa ɗanta rigar sanyi.
A can ta yi karatu, ta ce, shekara shida.
Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa:
"Zemplen ke nan, gunduma a tsohuwar Hungari.
Ga Bodrog, ga Tisa, a nan suke gaisawa
a gindin tudun Tokai, inda inabi ke nuna cikin raɓa.
Jan layin nan kuwa, bayan yaƙin duniya na farko,
manya suka zauna a wani zaure mai nisa suka ja shi.
Babban garin gundumar yana da rafi,
rafin da bai isa a ce masa kogi ba.
Aka kwana yana rafi, aka tashi yana iyaka.
Kudu ta tsaya inda take, arewa ta koma wata ƙasa
ba tare da ta ɗaga ƙafa ba."

Ban ce komai ba. Na rage mata ɗari biyar.

Ni mutumin Jibiya ne.
Kakata Tabawa a Ɗan Isa aka binne cibiyarta,
gonar ubanta kai a nan, ƙafa a can,
geron ciki bai taɓa jin Faransanci ba.
Takan ce, an raba mu kamar goro,
ba a tambayi mai haƙori ba.
Ranar da ƙanwarta ta rasu, sai da ta roƙi mai kaki
kafin ta je ta yi kuka.

To kai, mai kwat, wane ne kai?
Wace gaɓar rafin aka bar maka?
Ka rera wa jikokinka sunayen ƙauyukan nan
ko ka haɗiye su kamar magani?
Da ka mutu suka kwashe kayanka a buhu,
ba wanda ya lalubi aljihun ƙirji.
Teku ta ɗauko ka, Apapa ta sauke ka,
ga ka a hannun mai gwanjo
da bai iya furta sunan garinku ba.

Tanimu ya ce a naɗe masa ƙosai da ita.
Na ce ya kiyaye ni.

Jiya wani mai gadi, Agali, zai koma Agadas,
ya ce sanyin dare a can ba ya jin magana.
Ya gwada kwat, ta zauna kamar don shi aka ɗinka.
Yana ƙirga kuɗi na juya baya,
na ninke takardar bisa tsohon ninkinta,
na mayar da ita inda na same ta, wajen zuciya.
Ba a raba mutum da garinsu sau biyu.